Hajjin da Garzali Bai Je Ba

Doha, ƙasar Ƙatar
8 ga Janairu, 2004

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga gare ni, Shaikh Abu Fahad, mai kamfani, mai motoci, mai raƙuman tsere waɗanda ba a taɓa shan gabansu ba, kafili, wato uban gidan da yake tsaya wa ma'aikata daga ƙasashe barkatai, zuwa ga baiwar Allah Malama Haulatu ta unguwar Ɗorayi a birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna fatan kina lafiya, da maigidanki da yaranki. Mu nan lafiya lau muke, raƙumanmu ma lafiya, sai guda ɗaya da yake ɗan tari. Tafintanmu ne ya juya wannan magana zuwa Hausa. In kin ji ta yi daɗi, daga gare mu ne. In kin ji kuskure, nasa ne, kuma za mu hukunta shi.

Bayan haka, mun rubuto ne a kan ƙaninki Garzali, direban bas ɗinmu, wanda yake kwasar leburori daga masaukinsu na Sana'iyya zuwa wurin gini. Tun da muka fara ɗaukar direbobi ba mu ga kamarsa ba. Ga ladabi, ga kyau, ga murya in yana karatu. Ko kyanwa bai taɓa takawa ba. Labari ya iso mana cewa tun yana yaro kike ce masa mai kan kwakwa. Mun tara manyan likitoci sun auna kan, sun tabbatar daidai yake. Muna umurtar ki da ki janye wannan suna.

Muna sanar da ke cewa hutunsa na bayan shekara biyu ya zo, amma ba zai zo gida wannan Babbar Sallar ba. Mun zaɓe shi ya yi wata tafiya mai daraja, wadda ransa yake kwaɗayi tun yana riƙe da allo. Mun ba shi izinin fita, mun buga hatimi. Ba mu yarda kowa ya tambaye shi ina za shi ba sai ya dawo ya faɗa da bakinsa. Masu jiran tsaraba su ci gaba da jira, akwai lada a cikin jiran.

Ki isar da gaisuwarmu ga Malam Sabo na Kazaure, ƙanin mahaifinku, wanda ya raini wannan yaro har ya zama abin alfaharin ƙasashen Larabawa.

Halas. Mun gama magana.

Shaikh Abu Fahad


Galle, tsibirin Siri Lanka
3 ga Fabrairu, 2004

Yaya Haulatu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah. Ina fatan kina lafiya, da maigidan, da yara, da Baba Sabo da ƙafar nan tasa. Ni lafiyata ƙalau, har ta so ta yi yawa. Na san takardar Shaikh ta iso miki ta hannun Bello mai gadi, wanda ya taho gida daga Doha. Mutumin kirki ne Shaikh, ga iya zance.

In a tsaye kike, zauna. Ba na Doha, ba na kan hanyar gida. Ina wani tsibiri a tsakiyar teku, ƙafata cikin rairayi, hannuna riƙe da jar kwakwa wadda ake fasa bakinta a sha.

Na san abin da za ki ce, bari in riga ki. "Ɗan malam, direban leburori, shi ne da yawon shan iska kamar Bature?" E, shi ne. Shekara biyu ina tada bas kafin ladan ya yi kira, in dawo ƙura har cikin haƙori, mudir, shugabanmu a wurin aiki, yana bayana da yalla yalla, wai in yi sauri. Da na zo gida da hutun nan kin san yadda za ta kaya. Ta'aziyyar duk wanda ya rasu bayan tafiyata, barkar duk wadda ta haihu, rikicin gonar su wane, kowa ya shigo gaisuwa idonsa na kan jakata. In koma Doha da gajiyar da ta fi wadda na fito da ita. Sau ɗaya dai a rayuwa na ce hutun nawa ne.

Kin tuna a zaure, in Baba yana ba mu labarin annabawa, yakan ce Annabi Adamu ya sauka ne a wani tsibiri mai suna Sarandib? Na taɓa tambayarsa ina ne Sarandib, ya ce can ƙarshen duniya, ja karatunka. To, abokin ɗakina a Sana'iyya, wani makanike mai suna Aruna, wata rana ya ce ai tsohon sunan ƙasarsu ke nan. Tun ranar ban sake samun sukuni ba. Hutunmu ya zo ɗaya, ya taya ni neman biza, na biyo shi.

Babban birninsu Colombo. Ki ɗauki Kantin Kwari ki jiƙa ta da ruwan sama, ki zuba mata hankaki da Keke Napep, kin gan shi. Akwai wani masallaci a cikin kasuwa mai ratsin ja da fari, kamar alewa, na yi azahar a ciki ina ta satar kallon bango. Abincinsu shinkafa da kwakwa da barkono. Yaya, ashe mu wasa muke da yaji. Na ci loma ɗaya na karanta duk abin da na haddace. A nan ne kuma wani wanzami ya cuce ni. Mutanen nan in za su ce to, kaɗa kai suke gefe da gefe. Ya tambaye ni abu, na kaɗa kai ina nufin a'a, kafin in farga ya yi min ƙwal.

Daga nan muka hau jirgin ƙasa zuwa Kandy, garin duwatsu da tafki a tsakiya. Shayin nan da kike sha da safe, na ga gonarsa, kore shar har inda ido ya tsaya. Na ga giwaye suna wanka a kogi, wani mutum yana cuɗa musu baya da ɓawon kwakwa kamar jarirai.

Dutsen da ake cewa a kansa Annabi Adamu ya sauka kuma, na hau shi. Gwiwoyina har yanzu ba su yafe min ba. Tsofaffin mata suna wuce ni suna dariya. A can ƙoli akwai wani gurbi a jikin dutse mai kama da sawun ƙafa. Aruna ba Musulmi ba ne, ya ce a wajensu sawun babban malamin addininsu ne. Na ce mu a zaurenmu an ce na Annabi Adamu ne. Muka bar wa Allah sani, muka sha shayi.

Yanzu muna garinsu a bakin teku. Na yi Idi tare da Musulmin nan a wani farin masallaci da ke kallon ruwa. Masuntansu kafa sanda suke a cikin teku su ɗare kai kamar balbela. Na ce bari in ɗan jiƙa ƙafa, sai ga wani toron igiyar ruwa ya yi sama da ni, ya mayar da ni gaɓa kamar tsumma. Uwar Aruna ta yi dariya har da hawaye, ta shanya kayana, ta ba ni farin zane na ɗaura. Kar ki zaro ido, a nan maza zane suke ɗaurawa, har limami. Aruna ya ɗauke ni hoto da zanen da tawul a kafaɗa. In an wanke zan aiko miki, ki samu abin zagi na shekara guda.

Ki yi faɗanki, na shirya. Amma ban yi nadama ba ko ta ƙwayar gero.

Ƙaninki,
Garzali


Ɗorayi, Kano
6 ga Maris, 2004

Garzali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Ƙafar Baba da sauƙi. Iyakar gaisuwar da za ka samu ke nan, don ba ni da bakin wata.

Kai ɗan nan, ka san abin da ka haɗa kuwa?

Da Bello ya zo da takardar Shaihun naka bai same ni ba. Ina Gusau ina jinyar uwar maigidana, sai da na yi wajen wata biyu. Shi kuma da yake Kazaure za shi, ya wuce da ita ya miƙa wa Baba. Baba ya ga Larabci a sama da hatimi a ƙasa, ya sumbaci takarda. Da yake ba ya karanta boko, sai ya ba wani malamin firamare ya karanta masa, a ƙofar masallaci, bayan la'asar, jama'a cike. Da aka zo kan maganar kwakwa aka yi dariya, Baba ya ce Larabawa mutane ne masu raha. Da aka zo kan tafiya mai daraja, kowa ya fara lissafi. Yaro yana ƙasar Larabawa, ga watan aikin Hajji ya kama, an ce tafiyar da yake kwaɗayi tun yana riƙe da allo. Ina kake so su ce ka tafi? Nan take aka yi kabbara.

Ranar Arfa Baba ya wuni da azumi a gaban talabijin ɗin maƙwabta yana neman ka a cikin taro. Yaran unguwa sun rantse sun gan ka sau uku.

Sai kuma ga hotonka. Sista Liatu, nas ɗin nan ta wajenku, ta kawo shi nan gidan. Ba ka rubuta komai a baya ba sai "ga ni, labari yana cikin wasiƙar da na sa a gidan waya". Maigidana ya ga farin zane, farin mayafi a kafaɗa, kai a aske, ya ce ai harami ne, ya hau mota da kansa ya kai wa Baba. Yanzu hoton yana cikin gilashi a zaure, mata suna shigowa suna shafawa.

Da na dawo na je Kazaure, tun daga tasha ake ce min yayar Alhaji. Ina karanta takardar na san hannunka ne. Wane Balarabe ne ya san kan kwakwa? Amma na ce a raina, wataƙila dai ya je ɗin, shaƙiyancinsa ne ya sa ya lulluɓe abin. Na ce Baba, wannan bishiyar ta bayansa ba kwakwa ba ce? Ya ce dabinon Jidda haka yake. Na dawo Kano jiya, sai ga wasiƙarka ta gidan waya, wata guda tana yawo, da hoton giwa a jikin kan sarkin. Na karanta a tsaye, sai da na nemi bango.

Baba ya sa ranar walima, Juma'ar farko ta watan Maulidi. Za a yi saukar Alƙur'ani, ragon da yake kiwo tun bara shi za a yanka. Kuma ka san shi bai taɓa zuwa ba, kullum yana cewa sai baɗi.

Ga abin da za ka yi. Ka ja bakinka. Ba wanda ya san gaskiya sai ni, ko maigidana ban gaya wa ba. Ka bi alhazan da suka dawo nan Doha ka samo ruwan zamzam, ka haɗa da dabino da casbaha da darduma, ka aiko kafin ranar. Ka je a sa maka haƙorin Makka. Makka tana maƙwabtaka da ku, baɗi ka lallaɓa ka je, magana ta zama gaskiya, shi ke nan.

Ban tambaye ka ra'ayi ba.

Yayarka,
Haulatu


Sana'iyya, Doha
19 ga Maris, 2004

Yaya,

Assalamu alaikum. Na ji kuna lafiya, alhamdu lillahi. Ni ma lafiya, na koma kan sitiyari, gashi ya fara tsirowa.

Na karanta wasiƙarki a cikin bas ina jiran leburori su tashi. Na yi dariya har wani ɗan Nepal ya leƙo ya ga ko aljanu ne. Dabinon Jidda! Na fassara wa Aruna, ya ce zai gaya wa uwarsa zanenta ya zama abin shafawa a Afirka.

Maganar cewa hannuna ne a takardar Shaikh, wannan ƙazafi ne. Wane ni? Mutum mai raƙuma zai tsaya yana aron hannun direba? In ya san kan kwakwa, ai manya suna da masu kawo musu labari.

Sauran maganar kuwa, a'a. Ba zan yi ba.

Ba zan bi gidajen alhazai ina roƙon zamzam ba. Ba zan buɗe baki a liƙa min haƙorin ƙarya ba. Ki ce in sa wa akuya tabarau in kai ta ofis, zan yi. Amma in zauna a zaure mutane suna zuwa suna kama hannuna suna cewa Alhaji a sa mu a addu'a, ni kuma ina gyaɗa kai? In tsoho ya tambaye ni yaya Ka'aba take, in ce masa me? In ce akwai giwa? Kin ce baɗi in je magana ta zama gaskiya. Wa ya ba ki takardar cewa zan kai baɗi?

Abin da ya fi ci min rai shi ne, ke a wajenki gara a ce na yi ƙaryar Hajji da a ce na je hutu. Kamar hutun ne abin kunyar. Me na sata? Gumina ne, kwanakina ne. Injiniyoyin da nake gani a unguwar Aziziya duk shekara suna kwasar iyali su tafi bakin ruwa, ba mai ce musu komai. Sai ni, don allo na riƙe ba biro ba? A allon nan na wanke ayar da ta ce a zaga ƙasa a duba. Na zaga, na duba. Na ga shayi a gonarsa, na ga kifi mai launin atamfa, na ga tsohuwar da ba ta jin yarena ta shanya min wando kamar ɗanta. Wannan ba zan ɓoye shi a ƙarƙashin darduma ba.

Ni ban ce wa kowa na je Hajji ba. Duba duk abin da na rubuta, ba za ki samu ba. Wanda ya faɗa, shi ya janye.

Ki gaida yara. Na aiko musu da ƙananan giwayen katako ta hannun mai kawo wannan, ba na Makka ba ne, kar a shafa.

Garzali


Ɗorayi, Kano
2 ga Afrilu, 2004

Garzali,

Muna lafiya. Giwaye sun iso.

Wanda ya faɗa shi ya janye, ko? To wanda ya faɗa shi ne mutumin da ya goya ka daga maƙabarta ranar da aka binne mahaifinmu.

Bari ka ji abin da ya faru ranar Juma'ar da ta wuce. Alhaji Munzali mai yadi, wanda ya dawo daga Hajjin bana, ya shiga zaure ya ƙare wa hotonka kallo. Da aka fito masallaci ya ce, a gaban kowa, shi dai bai taɓa ganin harami mai ratsin shuɗi a baki ba, kuma sau biyu yana sauka Jidda bai ga kwakwa ba. Baba ya miƙe a kan ƙafar nan mai ciwo, ko sanda bai ɗauka ba. Ya ce: "Munzali, yaron nan ni na raine shi. Yana wasa da kowa, yana wasa da komai, amma ba ya wasa da addini. In ƙarya ce, kar a sake bin sallata." Ka san shi yake jan sallah in liman ba ya nan.

Da na je shekaranjiya ya kira ni gefe. Ya ce in tambaye ka, da ka hau dutsen, ka tuna ka yi wa ɗan'uwansa addu'a?

Ni ba zan gaya masa ba. Bakina ba zai iya ba. In ka aiko da zamzam, na san ina da ƙane. In kuma gaskiyar taka ta fi maka fuskar tsohon nan, sai ka nemi hanyar da za ka faɗa masa da kanka, ka daina ɓuya a bayan Shaihu.

Saura mako uku.

Haulatu


Sana'iyya, Doha
12 ga Afrilu, 2004

Zuwa ga Baba Malam Sabo, Kazaure.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya gafarta Malam, ya ƙara lafiya, ya ɗauke ciwon ƙafa. Ina gaida mutanen gida da na masallaci. Ni ina nan lafiya.

Baba, na rubuta wannan da ajami, da manyan baƙaƙe, don ka karanta da idonka, kar wani ya riga ka ji. Na ce wa mai kawowa ya ba ka hannu da hannu, a cikin gida.

Ban je Hajji ba.

Hutu na je, wata ƙasa a tsakiyar teku, tare da abokin aikina. Abin da ke jikina a hoton zanen mazan ƙasar ne, wandona ne ya jiƙe. Na kafaɗa tawul ne. Askin kuskuren wanzami ne. Bishiyar kwakwa ce. Alhaji Munzali ya yi gaskiya.

Yaya ta gaya min abin da ka faɗa a ƙofar masallaci. Ka ce ina wasa da komai ban da addini. Baba, wannan maganar taka ba ta faɗi ba. Da zan iya samo zamzam in sa haƙori in yi shiru, ba mai ganewa. Ban yi ba, kuma ba zan yi ba, ko da za ka hana ni shiga zaurenka. Abin da ka rantse a kai shi ne ga shi a hannunka.

Tafiyar kuwa ba zan ba da haƙuri a kanta ba, don ƙarya zan yi in na ce na yi nadama. Kuma kai ka jawo. Sarandib na je. Kai ka sa min sunan a kunne, na tambaye ka ina ne ka ce ƙarshen duniya. To ba ƙarshen duniya ba ne, akwai shayi, akwai masallatai, ana kiran sallah. Na hau dutsen da ake cewa nan Annabi Adamu ya sauka. Ka tambaya ko na yi wa mahaifina addu'a a kan dutse. Na yi. Ba Arfa ba ce, ba ta da ladan Arfa, amma na fuskanci alƙibla, girgije yana ƙasa da ƙafata, na ambaci sunansa, na ambaci naka. Na roƙi Allah ya kai ka Makka kafin ni. In ya ba ni iko, ni zan riƙe maka jaka.

Ga roƙona. Ranar Juma'a ka ɗauki wannan takarda ka karanta musu da bakinka a inda aka karanta waccan. Ka ce musu Garzali ne ya sake yi. Ba wanda zai yi mamaki. Garin da ya wayi gari ya tarar da jakin mai unguwa da rawani ya san aikina. Kai ba ka yi ƙarya ba, yarda ka yi da ɗanka. Dariyar tawa ce, a aiko min da ita nan, ina da wurin ajiyewa. Ragon kuma kar a fasa, a yi saukar, ladan ya tafi ga mahaifina. A ba Alhaji Munzali cinya, ya yi aikin ido.

Saura abu ɗaya. Ka ɗauko takardar Shaikh, ka dubi bisimillar da ke sama. Ka dubi yadda aka ja wutsiyar mim. Duk Doha ba mai jan ta haka, don a zaurenka ake koyon ta, da bulala. Hatimin kuma murfin tankin man bas ne na shafa wa tawada. Kafilina na gaskiya ba shi da raƙumi ko ɗaya, bai ma san sunana ba, in ya gan ni cewa yake kai Nijiri, yalla. Yaya na so in tsokana, ban san a hannunka za ta faɗa ba. Wannan kam na tuba, ka yafe min.

Ni ne Shaikh Abu Fahad. Ni ne tafinta, ni ne likitocin da suka auna kai. Raƙumin da yake tari ma ni ne.

Ɗanka mai kan kwakwa, wanda bai zama Alhaji ba tukuna,
Garzali